Kurakuran da sabbin ma'aikata ke tafkawa a sanarwar ofishin ilimi na dayosis

Kusan duk shekara sai an kawo mana sabon hannu a ofishin ilimi na dayosis, wato yankin cocin Katolika da ke ƙarƙashin Bishop ɗaya, wani ɗan bautar ƙasa ne, wata kuma Fada ne ya ɗauko ta daga farish saboda ta iya kwamfuta, a ce to ga wanda zai riƙa rubuta sanarwar da ake tura wa malamai da shugabannin makarantu. Kuma duk wanda ya zo kurakuran nan dai su ne, kamar haɗa baki suke yi. Bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda ya zo sai in miƙa masa ya karanta.

Na farko, kuma shi ya fi ƙona mini rai, kalmar "gobe". Don Allah ku daina rubuta gobe a sanarwa. Ku daina rubuta jibi, ku daina rubuta "Juma'a mai zuwa". Kai kana zaune a ofis cikin gari da sabis ɗinka cike, ka tura saƙo da yamma kana ganin kowa ya gani, alhali hedimastan da ke makarantar ƙauye sai ya hau tudu ko ya shigo kasuwa kafin WhatsApp ɗinsa ya buɗe, wani ma ba shi da babbar waya, katikis ne zai karanta masa bayan Mas. Akwai lokacin da wani yaro da ke ƙarƙashina ya tura cewa gobe akwai miting na shugabannin makarantu ƙarfe goma, ranar Alhamis ya tura, wani dattijon hedimasta bai ga saƙon ba sai Juma'a da dare, ya tashi Asabar da asuba ya hau acaɓa ya biyo hanyar da mu kanmu ba ma son bi, ya iso ya tarar da ofis a kulle sai mai gadi. Ni aka kira. Ni na sha faɗan Fada, ni na biya kuɗin motar bawan Allahn nan daga aljihuna, kuma har ya yi ritaya in mun haɗu sai ya ce mini "yau wace goben ce?" Yana dariya amma ni na san bai huce ba.

Abin da nake yi yanzu, sunan rana, kwanan wata, sunan wata da haruffa, shekara, sannan lokaci da safe ko da yamma, sannan wuri. Talata 14 ga wata kaza, ƙarfe 10 na safe, zauren farish kaza. Kar ka rubuta 3/4 ka tafi, domin wasu kwamfutocin ofis an saita su irin na Amurka, wata ke zuwa kafin rana, sai wani ya karanta 3 ga Afrilu wani ya karanta 4 ga Maris.

Ƙanin wannan kuskuren shi ne ɗauko sakular bara, wato takardar sanarwar bara, a canza shekara kawai a tura. Haba. Ista ba Kirsimeti ba ce da ke zaune a 25 ga Disamba, tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A 2025 ta faɗo 20 ga Afrilu, a 2026 kuma 5 ga Afrilu, Larabar Toka ta tashi daga 5 ga Maris ta koma 18 ga Fabrairu. In ka kwafi jadawalin bara to ka sa jarrabawar zango na biyu cikin Mako Mai Tsarki, makon da ke gab da Ista, ke nan ba ka sani ba. Hutun Sallah kuma ba kai ke yanke shi ba, sai an ga wata Sarkin Musulmi ya sanar, ma'aikatar cikin gida ta fitar da ranakun hutu, don haka ka rubuta "za a tabbatar da rana in gwamnati ta sanar" ka huta. Sannan ga kalandar jiha, wadda ita ma takan juya ba zato, ku tuna 2025 da Bauchi da Katsina da Kano da Kebbi suka rufe makarantu saboda azumin Ramadan, duk wanda ke da makaranta a jihohin nan sai da ya sake lissafin zangonsa gaba ɗaya. Ni kalanda uku ne manne a bangon teburina, ta coci, ta ma'aikatar ilimi ta jiha, da jadawalin WAEC da NECO, ba na sa rana a takarda sai na duba dukansu. Wasu na cewa tsufa ne, akwai waya. To ku yi da waya, amma ku duba ukun.

Sai kuma gaisuwa mai tsawo. Layi ɗaya ya isa, "Salama a gare ku cikin Kristi", shi ke nan ka shiga magana. Wa'azi aikin Fada ne ranar Lahadi, malamin da ke da aji na jiran sa ba zai karanta sakin layi uku kafin ya gano me ake so ya yi ba.

Yanzu ga na biyun da ya taɓa hana ni barci, maganar kuɗi da taransifa kafin a sa hannu. Ku saurare ni da kyau ƙannena, abin da kuka ji a miting ba sanarwa ba ne. Abin da basa, mai riƙe da kuɗi, ya faɗa muku a baranda ba sanarwa ba ne. Lokacin da aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, ko'ina malamai tambaya suke mu fa, mu fa. Aka zauna aka ce za a duba a ga abin da kowace makaranta za ta iya, tunda makarantun mishan ba gwamnati ke biyan malamansu ba, daga kuɗin makarantar da iyaye ke biya ake fitar da albashi, kuma makarantar cikin gari mai ɗalibai cike ba ɗaya take da ta ƙauyen da iyaye ke biya da buhun masara bayan girbi ba. "Za a duba" aka ce. Wata mai zumuɗi ta je ta rubuta a sanarwar mako cewa an amince da ƙarin albashi. Kafin magariba saƙon ya zaga duk gurup ɗin malamai, har da waɗanda suka bar aiki tuntuni, wasu sun je sun ci bashi a kan ƙarin da babu shi. Ƙarshen wata alat ya shigo yadda ya saba, to ranar na ga fushin malamai, wayata ba ta huta ba, wani ya ce mun ci kuɗinsu, wata ta ce coci ma ta koyi yaudara. An janye sanarwar, an ba da haƙuri, amma wa ya karanta janyewar? Ba kowa. Ta farkon ce ke yawo a wayoyin mutane har yau.

Don haka dokata, kuma ba a littafin kowa take ba tawa ce, duk abin da ya shafi albashi, alawus, fansho, ƙarin girma ko canjin wurin aiki, ba ya fita sai da sa hannun sakataren ilimi a takarda da na gani da idona, ba "Fada ya ce a tura" ta waya ba. Kuma in lamba ce ka rubuta ta daidai, misali fansho a dokar 2014 kashi 8 ne daga ma'aikaci kashi 10 daga mai ɗaukar aiki, kar ka juya su, mutum zai lissafa ya zo maka da takarda.

Ku kuma san iyakar ofishinku. Dokar coci, kanon 806, ta ba Bishop ikon sa ido da ziyartar duk makarantun Katolika da ke dayosis ɗinsa har da na sistoci da biradoci, amma ta bar musu tafiyar da harkokinsu na cikin gida. Ma'ana in za a ɗauke Sista firinsifal a kai ta wani gari, daga shugabar ƙungiyarsu maganar za ta fito, ba daga kwamfutarka ba. Ka jira su sanar sannan ka bi baya.

Sauran ƙanana ne amma suna ɓata aiki.

Ta'aziyya da tunin lasisin TRCN, hukumar rajistar malamai, a saƙo ɗaya, ban san wa ya koya muku wannan ba. Mutum ya rasa matarsa, a layi na gaba kana cewa wanda bai sabunta takardarsa ba zai gani. Raba su.

Turanci zalla, alhali masu gadi da direbobi da mata masu dafa wa ɗaliban kwana abinci su ma ma'aikata ne. In abin ya shafe su ka sa Hausa a ƙasa, ko ka roƙi hedimasta ya tara su ya faɗa musu.

Mas na buɗe zango ko ritirit ɗin malamai, ka faɗa ƙarara wa ake buƙata ya zo. Muna da malamai Musulmi da na wasu ɗarikoki, kar ka bar su suna zato, kuma kar ka sa miting ƙarfe ɗaya na ranar Juma'a.

Hoton takarda a karkace da inuwar hannunka a kai, ko PDF mai nauyin da zai cinye datar mutum. Rubuta gundarin maganar a cikin saƙon, takardar ta biyo baya.

Saƙon murya ba sanarwa ba ne, ba a iya nemo shi bayan wata biyu.

Sunan mara lafiya da irin ciwonsa, a'a. "A sa ɗan'uwanmu a addu'a" ya wadatar, sunan ma sai ya yarda, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan. Zargin an taɓa yaro kuwa ko kusa da gurup kar ya je, akwai wanda dayosis ta ɗora wa wannan aikin, kai tsaye wurinsa, yau ba gobe ba.

Ranar da tawagar duba makarantu za ta bi wace hanya, ko ranar da basa zai kai kuɗi, wannan ba na gurup mai mutum ɗari biyu ba ne a halin tsaron da muke ciki. Kira shugaban makarantar shi kaɗai.

Sai lamba. Kowace sakula ka ba ta lamba da shekara a sama, ka buga kwafi ɗaya ka sa a fayil, in ka gyara wani abu kar ka goge tsohuwar a gurup ka yi shiru, fitar da sabuwa ka rubuta a kanta cewa ta maye gurbin lamba kaza, sannan ka kira makarantun da ka san sabis ba ya kai musu ka ji da kunnenka cewa sabuwar ce a hannunsu.