Shawara ga mai son bindigar farauta mara nauyi

Kafin ka biya maƙeri ya haɗa maka bindigar farauta mara nauyi, ka nemi ya faɗa maka nauyinta bayan an ɗora madubin hange, an saka maɗauri da harsasai, domin nauyin da ake tallatawa na bindigar ne tsurarta.

Masu farauta a tsaunukan Amurka suna ɗaukar wadda ba ta kai kilo 3 ba a matsayin mara nauyi, amma madubi kaɗai yana iya ƙara rabin kilo.

Wajen rage nauyi, zaɓen ƙaramin madubi ya fi araha a kan sayen gindin bindiga na zaren kabon, wani abu mai ƙarfi amma mara nauyi.

Idan harbi da yawa a jere kake yi, kada ka bi rashin nauyi, saboda siririn bututu yana saurin zafi, kuma bindigar takan fi dukan kafaɗa.