Sharaɗi: inda ake yawan tuntuɓe da yadda za a gyara

In kana son gane ko abu sharaɗi ne, cire shi ka gani. Wani ya ce maka, "Zan ba ka aron motata da sharaɗin ka dawo da ita kafin magariba." Ka ce ba za ka iya ba, sai ya mai da makullinsa aljihu. Aron ya rataya ne a kan wannan magana, tana faɗuwa shi ma ya faɗi.

Kuskuren da ya fi damuna daga fassara yake zuwa, musamman ta na'ura. A Turanci kalma ɗaya ce, wato "condition", take ɗauke da ma'anar sharaɗi da ta hali, sai ka ga an rubuta "sharaɗin majinyacin ya tsananta". Wane sharaɗi kuma? Ai ba yarjejeniya ya ƙulla da ciwon ba. Bahaushe cewa zai yi jikinsa ya yi tsanani. Haka ma "sharaɗin hanya": halin da hanya take ciki ake nufi.

Akwai kuma masu cakuɗa shi da doka. Doka tana hawa kanka ko ka so ko ka ƙi, shi kuwa sharaɗi sai kana neman abin da aka ɗaura masa. Alƙali ya ba da beli bisa sharaɗin a kawo mutum biyu su tsaya wa wanda ake tuhuma. Ba a tilasta wa kowa ya kawo su ba, sai dai in ba su zo ba, mutumin yana nan a tsare.

Ɗaliban fiƙihu su ma sukan rikita shi da rukuni. Alwala sharaɗi ce ta ingancin salla, amma a wajenta take, kafin a tayar. Ruku'u da sujada kuwa a cikinta suke, saboda haka rukunai ne.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Sharaɗi ana gindaya shi, ko a kafa shi, kafin a ƙulla yarjejeniya. Wanda ya bari ciniki ya faɗa, sannan ya ce "af, ina da sharaɗi", roƙo yake yi. In an amince da shi tun farko, daga nan sai a cika shi ko a saɓa masa.

Sai rubutu. Kalmar daga Larabci ta zo, kuma harafin da ke ƙarshenta shi ne wanda Hausa ta mayar ɗ mai lanƙwasa a ɗalibi, ɗabi'a da ɗawafi. Don haka sharaɗi ne, ba "sharadi" ba. Jam'insa sharuɗɗa. Namiji ne, shi ya sa ake cewa sharaɗin farko, sharaɗinsa, sharaɗin nan.