Yadda Ake Horar da Karen Labrador Ya Ɗauko Agwagwa Daga Ruwa

Karen farautarmu na gida kora da kamu ya sani. Shi Labrador zama yake yi kusa da maharbi, sai tsuntsu ya faɗi sannan a aike shi. Asalinsa karen masunta ne a gabashin Kanada, mutanen Ingila suka inganta irin har aka yi masa rajista a 1903. Gashinsa ruɓi biyu ne, ruwa ba ya saurin ratsa shi, kuma akwai fata tsakanin yatsunsa. Namiji kan kai kilo 29 zuwa 36.

Ka fara da kwikwiyo ɗan wata biyu. Naɗe tsohon tsumma ka jefa a lungun da ba shi da wata mafita sai wajenka. Jifa biyu ko uku sun isa a rana, ka tsaya tun yana marmari. Idan ya kawo, kada ka fizge. Tallabi haɓarsa, ka yabe shi, sannan ka karɓa a hankali. Wasan ja-in-ja da kwikwiyo shi ke koya masa datse haƙora, kuma karen da ya saba haka zai kawo maka kirinjijiya, wato agwagwar daji, a murƙushe. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin tsuntsun da ya iso da sauran rai yanka shi za ka yi. Daga wata huɗu zuwa shida yana famfara, dasashinsa na ciwo, a dakatar da ɗauko.

Abin da ya fi wuya shi ne haƙuri. Daga wata shida, sa masa igiya, ka ce "zauna", ka jefa tsumman, ka ƙirga goma kafin ka sake shi. Cikin jifa uku, biyu kai za ka je ka ɗauko yana kallo. Wanda aka bari yana zabura duk jifa, ran farauta gaban bindiga zai shiga.

Ƙarar bindiga kuma daga nesa ake fara ta. Wani ya harba daga kamar mita 100 kai kana wasa da karen, a riƙa matsowa kwana bayan kwana. In ya ɓoye jela, a koma baya. Karen da aka razana sau ɗaya da wuya ya dawo daidai.

Ruwa ma kada a tura shi. Nemi fadama marar zurfi, ka shiga ya biyo ka. Daga nan ka ɗaura fukafuki a tsumman, sai mataccen tsuntsu da ya huce, sannan sabon harbi.

Zafin Gombe da Bauchi a watan Maris zuwa Mayu yana iya kashe wannan kare. Horo sai da asuba ko bayan la'asar. Ka busar da kunnuwansa bayan iyo, don a rufe suke, danshi na sa su ruɓa. Ka duba kaska kullum, allurar haukan kare kuma tun yana wata uku. A madatsar ruwan Dadin Kowa akwai dorina, tambayi masunta kafin ka aika kare. Yankari ba a farauta, bindiga kuma sai da lasisi.