Kurakuran sababbin ma'aikatan laburaren shari'a da kayan intanet

Duk shekara sai an kawo sabon ma'aikaci sashen sayen littattafai da katalog, duk shekara kuma sai ya taka ramin da na gabansa ya taka. To, ga kurakuran nan a rubuce, in huta da maimaitawa.

Babba a cikinsu shi ne ɗaukar rajistar rumbunan shari'a na intanet, irin su LawPavilion ko HeinOnline ko LexisNexis, kamar an sayi littafi an ajiye. Haya ce. Ranar da kuɗin shekara ya ƙare, ranar za a rufe maka ƙofa, ko shafi ɗaya ba za ka fita da shi ba. Amma sai yaro ya karɓi kalmar sirri yau, gobe ya kai wa shugaba takarda wai a daina sayen NWLR, wato rahotannin hukunce-hukuncen kotunan Najeriya, na takarda, almubazzaranci ne. Rahotannin da marigayi Gani Fawehinmi ya fara fitarwa tun 1985, waɗanda lauyoyi ke ambata wa alƙali da lambar kashi da ta shafi! A wani wuri da na yi aiki an bi irin wannan shawara. Da darajar naira ta faɗi a 2023, kuɗin rumbunan waje da ake biya da dala ya fi ƙarfin kasafinmu, aka yanke mu. Muka koma kantar littattafai, ga wawakeken giɓi a jerin kundaye. Ɗaliban ajin ƙarshe suna tsakiyar rubutun kammalawa, dole muka riƙa tura su ofisoshin lauyoyi a cikin gari suna roƙon aro. Abin kunya ne, wallahi.

Ni dai ba na barin a sa hannu sai na karanta yarjejeniya da idona. Mutum nawa ke iya shiga a lokaci guda? Daga gida ana shiga, ko sai a harabar makaranta? In mun daina biya, me zai rage mana? Hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli da Kotun Ɗaukaka Ƙara kuwa ba na sakin na takarda, ko wa zai ce ni ɗan gargajiya ne.

Na biyu shi ne tsohuwar doka. A da, idan majalisa ta yi gyara, akwai ma'aikacin da zai zauna da almakashi da gam ya manna gyaran a jikin kundi. Yanzu kowa ya ɗauka abin da ke intanet shi ne na yau. Ina! Sai ka sauke kundin dokokin tarayya na 2004, ka saka a katalog ba bayanin komai, alhali dokar kamfanoni da ke ciki an maye gurbinta da CAMA 2020, Dokar Shaida an yi sabuwa a 2011, an kuma gyara ta a 2023. Ɗalibi ya kafa hujja da sashen da ya daɗe da mutuwa, malami ya ja masa jan biro, laifin kuma naka ne kai mai katalog. Kada ka goge tsohuwar, masu bincike na nemanta. Rubuta a bayaninta cewa an soke ta, da shekarar, ka haɗa ta da sabuwar.

Sauran ƙanana ne. Adireshin intanet da ka saka a filin 856 na Koha, manhajar katalog, yakan mutu, ni nakan bi su ɗaya bayan ɗaya farkon kowane zango. Littafin intanet ma a ba shi lambar Moys, tsarin jera littattafan shari'a, don ya fito tare da 'yan uwansa idan an bincika. A daina manna kalmar sirri a bango. A daina yin rajista da imel ɗin ma'aikaci na kansa, domin ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, saƙon sabuntawa zai bi shi. Kafin a sake biya, a nemi kamfani ya turo alƙaluman amfani, kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ba na zubarwa ba ne. Na'urar da ke raba intanet kuma a sa mata batiri nata daban, kada a jira sai an kunna janareto.