Yadda Ake Duba Injin Mota Kafin a Biya Kuɗi a Katsina

Idan ka ga motar da ta kwanta maka a rai, ko a filin dillalai ne ko a hannun wani ma'aikaci da ke son rabuwa da tasa, kada ka yi ciniki a ranar. Ka ce gobe da sassafe za ka dawo, kuma kada kowa ya tada ta kafin ka iso. Dillali zai ce maka, "Haba Alhaji, ai akwai wani mutumin Daura da ya ce zai kawo kuɗi da la'asar." Ƙyale shi. Na daɗe ina raka 'yan'uwa da abokai sayen mota a garin nan, mutumin Dauran nan kullum yana kan hanya, har yau bai iso ba.

Dalilin sammakon shi ne inji mai zafi yana rufa wa kansa asiri. Da ka iso, kafin a sa makulli, buɗe bonet ka ɗora bayan hannunka a kan injin. In ka ji ɗumi, an riga ka, sai a sake sa wata rana. In da sanyinsa, to zaro sandar gwada baƙin mai, ka goge ta da tsumma, ka mayar, ka sake zarowa. Baƙin mai ya yi baƙi ba laifi ba ne. Abin da ba a so shi ne ya yi kalar shayi mai madara, wannan ruwa ne ya shiga, gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone ko kan injin ya tsage. Murza ɗigo ɗaya tsakanin yatsunka. In ka ji ya yi kauri yana jan zare, wataƙila an zuba mai kauri irin 20W-50 ne a injin da kamfani ya ce a sa masa marar kauri irin 5W-30, don a danne hayaƙi da ƙara har a karɓi kuɗinka. Sannan ka kwance murfin da ake zuba baƙin man, ka haska ciki da fitilar waya. Injin da aka kula da shi za ka ga ƙarfen ciki da ɗan ruwan zuma, tsaf. Wanda aka riƙa ja wa lokacin juye za ka ga baƙin dasƙare ya manne ko'ina, kuma ba wani wankin inji da zai fitar da shi duka.

Tun da injin yana da sanyi, buɗe murfin lagireto ma. Da zafinsa ba a taɓa shi, ya ƙona fuskokin mutane da yawa. Ruwan da ya kamata ka gani kore ne ko ja ko ruwan hoda, gwargwadon motar. Abin da ka fi yawan tararwa a nan kuwa ruwan rijiya ne ko na leda, ya yi tsatsa ja wur. Bar murfin a buɗe a tada motar. In ka ga kumfa na ta tasowa ba ƙaƙƙautawa, iskar cikin silinda ce ke kutsowa ta gaskit. Rufe, yi sallama, kama hanyarka.

Lokacin da za a tada ta, kai ka zauna a kujerar direba, ka tura wanda ya rako ka bayan mota ya sa ido a salansa. Murɗa makulli rabi, kada ka tada tukuna. Duk fitilun gaban sitiyari su kama, musamman mai hoton inji da mai hoton butar mai da ta jakar iska. Wadda ba ta kama ba, ba lafiya ce ta hana ta ba, cire ƙwanta aka yi ko aka liƙe ta da baƙin salatif ta ciki. Sai ka tada, ka kashe rediyo, ka yi shiru ka saurara. Ƙarar kaca-kaca ta daƙiƙa biyu ko uku da ke ɓacewa, yawanci sarƙar taimin ce, wadda ke daidaita motsin fistin da bawul, ko abin da ke ɗaure ta ya fara gajiya, ana gyarawa, sai dai a rage a kuɗi. Amma ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji, wadda ke ƙaruwa in ka taka totur, wannan injin yana dab da bugawa. Na bayan mota kuma ya faɗa maka kalar hayaƙin. Shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Baƙi, fetur ne ya yi yawa, sau da yawa nozul ne ko wani sansa, da sauƙi. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya ɗau zafi, ruwa ne. Ɗan tururin da ake gani da asubahin hunturu kuwa ba komai ba ne.

Yanzu bari in tsaya a kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato tamostat, ɗan abin da ke tare ruwa kada ya zagaya lagireto sai inji ya ɗau zafi. Kusan duk motar da ta shigo daga Amurka ko Turai, ranar da ta fara shiga gareji sai a ce wa mai ita, "Yallaɓai, wannan abin na ƙasar sanyi ne, a cire a haɗa fanka kai tsaye." Sai a cire, fanka ta riƙa juyawa daga tada mota har kashe ta. Ni ban yarda da wannan ba, ko da kuwa a watan Afrilu ne da zafin Katsina ke haura digiri 40. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90, ya ninka zafin garinmu. Idan ba tamostat, da safe da lokacin hunturu injin ba ya kai zafin da yake buƙata da wuri, kwamfutar motar sai ta ɗauka har yanzu ɗumama ake yi, ta ci gaba da ƙara fetur. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, wa ke da fetur ɗin zubarwa? Abin da ya fi wannan muni ga mai saye shi ne, sau da yawa ba a cire tamostat sai don motar ta taɓa yin zafi, maimakon a wanke lagireto ko a canza famfon ruwa sai aka bi gajeriyar hanya. Saboda haka in ka murɗa makulli ka ji fanka ta tashi nan take alhali inji na da sanyi kuma ba a kunna AC ba, tambayi dalili, kuma ka ƙara sa ido a kan gaskit.

Kada ka je ba tare da makanikin da kai ka ɗauko ba, wanda ba ya da rabo a la'ada, kuma ya zo da na'urar gwaji. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da wurin jona ta a ƙarƙashin sitiyari. In ta nuna P0300, wani silinda na tsallake wuta. In ta nuna P0420, to a leƙa ƙarƙashin mota a duba tukunyar tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi, don ana fasa ta a kwashe cikinta saboda ƙarafa masu tsada irin su filatinam da ke ciki, a mayar maka da gwangwani. Ko na'urar ba ta nuna komai ba, a duba ko an goge laifuffukan ne kwanan nan, tana iya nunawa.

Sai zancen wane inji. A majalisa ana ta musu kan wace mota ta fi gudu, ana lissafin ƙarfin doki. Ni ma ina son gudu, ba zan ɓoye ba. Camry ta 2007 mai V6, wato silinda shida, na lita 3.5 tana da ƙarfin doki 268, Accord ta 2003 da ake kira EOD mai V6 tana da 240, in ka taka su a hanyar Kano bayan ka wuce Charanchi sai ka ji bayanka ya manne da kujera. Amma mai sayen doki don hawan Sallah haƙora yake buɗewa, ba sirdi yake kallo ba. EOD mai V6 giyarta ta otomatik ta yi suna wajen ba da wahala, kuma bel ne ke riƙe da taimin ɗinta, in ya tsinke bawul sun lanƙwashe. 'Yar'uwarta mai silinda huɗu, injin K24, sarƙa gare ta, ƙarfin doki 160, kuma ta fi haƙuri nesa ba kusa ba. Camry mai silinda huɗu ta 2007 zuwa 2009, injin 2AZ-FE, an san ta da shan baƙin mai, har Toyota da kanta ta amince da matsalar a Amurka ta riƙa canza wa mutane fistin da ringi. Ba duka ke yi ba, amma in ita za ka saya, gwajin hayaƙi ya zama dole. Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ-FE na lita 1.8, ƙarfinta wajen 130 ne kawai, ba ta burge kowa a majalisa, amma ko a Mashi ko Kankia ta tsaya maka za ka sami wanda ya san ta da kayanta. Pontiac Vibe ta waɗannan shekaru yawanci injin nan ne a cikinta, sunan ne kawai daban.

Peugeot kuma sai dai mu yi ta da ƙauna. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, iyayenmu sun ci zamaninsu da 504, kuma har gobe ban ga motar da ke kwanciya a kan titi mai gargada kamar 406 ba. Amma ka nemi mai giyar hannu, ka tambayi yaushe aka canza bel ɗin taimin, in aka fara inda-inda ka sa kuɗin sabo a lissafinka.

Bayan an gama da na tsaye, a hau titi. Garinmu shimfiɗaɗɗe ne, ba tudun da za ka gwada ƙarfin inji a kai, don haka ka cika motar da mutane, ka kunna AC har ƙarshe, ka bi hanyar Kano ko ta Dutsin-Ma, ba zagayen unguwa ba. Ka ji yadda giya ke shiga, in tana fizga ko inji na ihu mota ba ta ƙara gudu, giyabos ne, kuma kuɗinsa ba wasa ba. Da kun dawo kada ka kashe ta. Ajiye ta a rana da AC a kunne kamar minti goma sha biyar, idonka na kan allurar zafi. Motoci da yawa suna yin lafiya a guje saboda iska na bugun lagireto, sai an tsaya a cunkoson Ƙofar Ƙaura asirinsu ke tonuwa. In ka matsar da ita, duba ƙasan inda ta tsaya ko ta bar ɗigo.

Mitar ƙirga tafiya ba abin yarda ba ce, ana mayar da ita baya. In motar Amurka ce ma da mil take ƙirga, kowane mil kilomita 1.6 ne. Gara ka dubi robar birki da fatar sitiyari da gefen kujerar direba, su ba su iya ƙarya. Shekarar mota kuma tana cikin lambar cesis mai harufa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. A motocin Amurka ƙirga zuwa na goma: 5 na nufin 2005, 8 na nufin 2008, A kuma 2010. Ana canza fitilu da bamba a ce maka sabon yayi ce, wannan harafin zai raba gardama. Ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, ka ɗaga kafet ka shinshina, domin motocin da ambaliya ta ci a can ana gwanjonsu su iso nan, kuma wayoyinsu ba sa daina ciwo.

Lambar cesis ɗin nan ita za ka gwada da wadda ke kan takardar kwastan, harafi bayan harafi. Muna zaune kusa da iyakar Jibiya da ta Kwangwalam, kuma a Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan tudu, saboda haka ba kowace takardar duti da aka miƙo maka ce ta gaskiya ba. Ka kai ta ofishin kwastan a tantance kafin ka tura ko kwabo, a rubuta takardar ciniki da shaidu, a kuma yanke tun farko wa zai biya la'ada. Ranar da ta zama taka, wuce da ita gareji kai tsaye a juye baƙin mai a sa irin wanda aka rubuta a kan murfin inji ko littafin motar, a canza matatar mai da ta iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa da wuri, a wanke lagireto a zuba ruwansa na asali, a mayar da tamostat in an cire.