Babi na Shida: Kiwon Tsutsar Dusa Don Kajin Gida

Darasi na 1: Mu san tsutsar

Iyayena da yayyena, sannunku da ƙoƙari. Ku karanta wannan babi a hankali, ku ɗora yatsa a ƙarƙashin kowane layi. In kalma ta yi muku wuya, ku sake ta. Babu mai korarku.

Tsutsar dusa ƙarama ce, launinta ruwan zuma, tsawonta kamar gaɓar yatsa ɗaya, wato santimita 2 zuwa 3. Ba irin tsutsar da ƙuda ke haifarwa a ruɓaɓɓen nama ba ce. Jikinta a bushe yake, kuma ba ta cizo. Masana suna kiranta Tenebrio molitor. Ba sai kun haddace sunan ba, amma ku kwafe shi a takarda, domin zai yi muku amfani ranar da za ku sayi iri.

Rayuwarta hawa huɗu ce. Da fari ƙwai ne, fari, ƙarami ƙwarai, ido ba ya ganinsa cikin dusa. Bayan sati ɗaya zuwa uku sai ya ƙyanƙyashe ya zama tsutsa. Tsutsar tana yin wata 2 zuwa 3 tana ci tana girma, tana saɓa kamar maciji. In kun ga wata fara fat a cikinsu, ba ciwo ba ne, yanzu ta saɓe. Daga nan sai ta lanƙwashe, ta daina ci, ta daina tafiya. A wannan littafi za mu kira ta mai barci. Bayan sati ɗaya zuwa uku sai mai barci ta zama ƙwaro, wanda yakan fito fari, ya koma ja, sannan ya yi baƙi. Macen ƙwaron ita ke saka ƙwai, ɗaruruwa a tsawon rayuwarta.

Darasi na 2: Gidan tsutsa

Ku samo roba mai faɗi wadda cikinta yake da santsi. Santsin ne ke hana su hawowa. Ku wanke ta, ku bar ta ta bushe sarai. Ku ɗora ƙusa a wuta, ku huhhuda murfin, ƙananan huji masu yawa, don iska ta shiga. Murfin za a huda. Ba a huda gindin robar.

Ku samo dusar alkama busasshiya. Ku ɗan gasa ta a tukunya ba tare da ta ƙone ba, don ƙwarin da suka ɓuya a ciki su mutu. Ku jira ta huce, ku sa hannu ku ji babu ɗumi ko kaɗan. Sai ku zuba a roba, kaurin yatsu huɗu a jere. Dusar nan ita ce abincinsu, ita ce kuma shimfiɗarsu. Ku ɗora guntun kwali a sama, domin suna son ɓuya. Yanzu ku zuba tsutsar da kuka sayo.

Ku ajiye robar a inuwa, wuri mai ɗan duhu. Sun fi son ɗumi na digiri 25 zuwa 28. Zafin rana kai tsaye yana kashe su, sanyi kuma yana rage musu girma. Saboda tururuwa da kiyashi, ku ɗora robar a kan tebur, ku tsoma kowace ƙafar tebur cikin gwangwani mai ruwa.

Darasi na 3: Ruwan shan tsutsa

Nan ne wurin da aka fi faɗuwa, don haka za mu daɗe a nan.

Ba a zuba ruwa a cikin robar tsutsa. Ku sake karanta wannan layi da ƙarfi. Ba a zuba ruwa a cikin robar tsutsa. Ruwan da na ce a sa a gwangwani na ƙafar tebur ne, a waje yake.

To, me za su sha? Ku yanka karas ko dankali, yanka siriri, guda biyu ko uku. Ku ɗora a kan kwalin, kada ku binne cikin dusa. Tsutsa za ta zo ta ci, ta samu ruwanta daga nan. Wannan ya ishe ta.

Bayan kwana biyu ku buɗe murfi. Ku cire tsohon yankan, ku jefar. Sannan ku sa sabo. Cirewa ce farko, sawa ta biyo baya. Kada ku ɗora sabo a kan tsoho.

Dalili shi ne, dusa in ta jiƙe sai ta yi fumfuna. Fumfuna na kashe tsutsa, kuma danshi na jawo wasu ƙananan ƙwari masu kama da ƙura mai motsi. In suka cika robar, sai dai a zubar a sake sabon lale.

Na san abin da ke sa ku zuba ruwa. Tausayi ne. Mutum ya saba ba kaza ruwa, ya saba ba akuya, sai ya dubi busasshiyar dusa ya ce ai bayin Allah nan ƙishi zai kashe su. Zuciyar kirki ce, ban ga laifinta ba. Amma tsutsar nan a busasshen hatsi aka halicce ta ta rayu.

Mu gwada. Inna, kin buɗe roba kin ga dusa ta bushe ƙamas, me za ki yi? Ba komai. Haka ake so. Baba, ka ga karas ya yi laushi ya fara baƙi, me za ka yi? Ka cire shi, ka sa sabo. Madalla.

A ajin da ya wuce na faɗi wannan magana har muryata ta dishe. Sati bai zagayo ba wani dattijo ya kawo mini robarsa tana tsami, ya ce yayyafi kawai ya yi. Yayyafi ba ruwa ba ne? Wata kuma ta tura ɓawon kankana guda ta manta da shi kwana biyar. Haba jama'a! Ku ba yara ba ne. Wanda ya san ba zai iya buɗe murfi duk bayan kwana biyu ba, gara ya bar kuɗin irin a aljihunsa. Ba yayyafi, ba jiƙaƙƙen tsumma, ba ƙoƙon ruwa a kusurwa.

Ku ɗauki biro ku rubuta a jikin robar da hannunku: BA A ZUBA RUWA. Kun iya waɗannan haruffa duka.

Darasi na 4: Raba masu barci

Masu barci ba sa iya gudu, ƙwaro da tsutsa kuma suna cinsu. In kun gan su, ku kwashe da cokali a hankali, ku sa a roba ta biyu mai 'yar dusa. Wadda ta zama ƙwaro, ku mayar da ita roba ta uku, mai dusa da kwali da karas. A can za su saka ƙwai. Ita ma wannan robar ba a zuba mata ruwa.

Darasi na 5: Tankaɗe

In dusa ta koma gari mai kama da yashi, kashinsu ne. Ku ɗaure hanci da ƙyalle, ku tankaɗe da rariya a waje, domin ƙurar tana sa wasu atishawa da tari. Ku zuba sabuwar dusa. Kashin taki ne mai kyau. Na robar ƙwaro kada ku zubar, akwai ƙwai a ciki.

Darasi na 6: Ba wa kaji

Ku zaɓi manya. Tsutsar na da sinadarin gina jiki da kitse mai yawa, amma ba ta da isasshen sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon ƙwai. Don haka ƙari ce a kan abincinsu, 'yan kaɗan ga kowace kaza a rana. Kada ku kwashe duka, ku bar na iri.

Aikin gida: ku rubuta ranar da kuka sa karas, da ranar da kuka cire shi.