Yadda za a karɓi diyya idan masu ɗaukar kaya sun yi ɓarna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda zai ƙaura daga Gombe zuwa Bauchi, ko daga wata unguwa zuwa wata, ya sani cewa maganar diyya tun kafin lodi ake ƙulla ta. A ɗauki hoton firji, talabijin da madubin sif ta kowane gefe, a rubuta jerin kayan a takarda biyu direba ya sa hannu, sannan a tambayi kamfanin ƙarara ko yana da inshorar kayan da ke kan hanya.

Idan an sauke, kada a cika ragowar kuɗin sai an kwance kowane kwali a gaban direba, domin da zarar mota ta juya za a ce tsagewar madubin tsohuwa ce. Abin da ya lalace a rubuta shi a kan rasit nan take, kafinta ko mai gyara ya rubuta ƙiyasin kuɗinsa.

In sun ƙi biya, motar tasha ana kai ƙararta wurin shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW, kuma a ganina sulhunsu ya fi sauri. Kamfani mai rajista kuwa ana rubuta ƙorafinsa ga hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, kafin a nufi kotu.